Filin Tambaya da Amsa: Giwar Ƙanƙara Za Ta Iya Rayuwa a Duniyarmu ta Yau?

Wasiƙu uku ne suka iso mana cikin wannan wata a kan dabba ɗaya, wato tsohuwar giwar nan mai gashi da ake kira mamot, wadda ta daɗe da ƙarewa a doron ƙasa. Mun haɗa su wuri guda domin amsar kowace tana jingine da ta 'yar'uwarta.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum. Ni malamar kimiyya ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata da ke Bauchi. A zangon karatun da ya wuce mun kai ɗalibai Yankari, muka yini cur muna zagaye a mota ba mu ga giwa ko ɗaya ba, sai sawunsu da kashinsu a bakin hanya, da wasu itatuwa da suka kakkarya. A hanyarmu ta dawowa wata ɗaliba ta nuna mini hoton wata giwa mai gashi buzu-buzu a waya, ta ce wai ana shirin dawo da ita, sannan ta tambaye ni ko za ta iya rayuwa a wannan duniya tamu idan an dawo da ita. Na ce mata ta ba ni lokaci, ga shi har an koma hutu ban ba ta amsa ba. Ku taimaka mini da bayanin da zan iya tsayawa gaban aji da shi.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa ɗalibar taki albarka, domin tambayar da ta yi ita ce manyan masana ke ta kai ruwa rana a kanta. Amsar a taƙaice ita ce, idan ana maganar mamot ɗaya ko biyu a wani killataccen wuri mai sanyi, ana kai musu harawa, likitan dabbobi yana duba su, to babu abin da zai hana su rayuwa. Idan kuwa ana nufin garkuna da za su riƙa kiwo da kansu, su hayayyafa har jikoki da tattaɓa-kunne ba tare da hannun ɗan Adam ba, a nan ne aski ya zo gaban goshi, kuma akasarin matsalar tana cikin ƙasar da za su taka da mutanen da za su tarar a kanta.

Abu na farko da ya kamata ki cire wa ɗalibanki daga rai shi ne zaton cewa mamot sa'ar manyan ƙadangarun nan ce da ake kira dainoso. Waɗancan sun ƙare tun kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, alhali mamot mai gashi ta ɓace daga yawancin yankunan Siberiya da Alaska ne kimanin shekara 10,000 kacal da suka shige, kuma wasu tsiraru sun ci gaba da rayuwa a tsibirin Wrangel da ke tekun ƙuryar arewacin Rasha har zuwa kimanin shekara 4,000 baya. Ke nan a lokacin da Misirawa suka kammala gina babbar dalar Giza, kusan shekara 4,500 da suka wuce, akwai mamot da ke kiwo a wancan tsibiri, kuma ta ƙara ɗaruruwan shekaru bayan nan. A lissafin rayuwar halittu wannan jiya-jiya ne. Iskar da za ta shaƙa ba ta sauya ta yadda za ta cutar da ita ba, ire-iren ciyayi da tsirran da ta saba ci suna nan, kuma wasu daga cikin dabbobin da suka yi kiwo tare da ita suna raye har yau, irin su barewar ƙanƙara da wata dabba mai dogon gashi mai kama da ɓauna da ake kira maskoks. Ita wannan ta biyun ma ta taɓa ƙarewa a Alaska, aka kawo guda 34 daga Girinlan a 1930, ga su nan yanzu dubbai.

Jikin mamot kuwa an ƙera shi ne domin ajiye zafi. Tsayin namiji a kafaɗa yakan kai mita 3 ko ya ɗan wuce, nauyinsa kuma ya kai tan 6, wato kusan daidai da toron giwar Afirka, saɓanin yadda ake zuzuta girmanta a zane-zane. Gashin da ke rufe da ita hawa biyu ne, na ciki gajere mai laushi kamar auduga, na waje kuma dogo mai kaushi wanda a wasu sassan jiki yakan kai santimita 90. Ƙarƙashin fata akwai kitse mai kaurin da yakan kai santimita 10. Kunnenta bai kai rabin mita ba, wutsiyarta ma guntuwa ce, domin duk abin da ya yi tsawo ya fita daga jiki a irin wannan sanyi daskarewa yake yi. Har jininta ma daban ne, domin a 2010 wani ayarin masana ƙarƙashin jagorancin Kevin Campbell na Jami'ar Manitoba da ke Kanada ya sake haɗa sinadarin jinin mamot mai ɗaukar iskar oksijin a ɗakin gwaji, suka ga yana sakin iskar ga gaɓoɓi ko da sun yi sanyi ƙalau, abin da jinin giwar yau ba ya yi da kyau. Ki kwatanta wannan da giwar da kuka je nema a Yankari, wadda faffaɗan kunnuwanta mafitai ne da take kaɗawa domin jinin da ke bi ta cikinsu ya huce. Da za a sauke mamot a bakin kogin Gaji cikin watan Afrilu, da wuya ta kai la'asar a tsaye. Masu iya magana sun ce giwa a garin wani zomo ce, kuma ban san dabbar da karin maganar ya fi dacewa da ita kamar wannan ba.

To sai a ce ai sanyi bai ƙare a duniya ba, kuma haka ne. A yankin Yakutiya na Rasha har yanzu hunturu yakan kai digiri 50 ƙasa da sifili, kuma mamot ba za ta yi kukan zafi a can ba cikin watan Janairu. Abin da za ta rasa shi ne makiyayarta. A 1901 masana daga birnin St. Petersburg sun haƙo gawar wata mamot a gaɓar kogin Berezovka, suka tarar da ciyawar da take taunawa tana nan maƙale tsakanin haƙoranta, cikinta kuma cike da ciyayi da ƙananan tsirrai masu fure. Wannan da wasu gawarwakin da aka samu daga baya sun nuna irin ƙasar da ta rayu a kai, wato wani makeken fili busasshe mai sanyi, mai ƙasa tauri da ciyawa mai gina jiki, wanda a zamanin ƙanƙara ya miƙe tun daga Sifaniya, ya ratsa Turai da Siberiya, ya haye ta wata gadar ƙasa da teku ya shanye yanzu, har ya kai Alaska da Kanada. Idan kina son ki kusanto wa yara da hoton, ki ce musu su ƙaddara dajin kiwo na Sahel ne a ƙarshen kaka, amma iskar da ke kaɗawa a cikinsa tana daskarar da ruwa a baki.

Wannan fili shi ne ya tafi. Da zamanin ƙanƙara ya kawo ƙarshe kimanin shekara 11,700 da suka wuce, ruwan sama ya ƙaru, kurmin itatuwa masu ganye kamar allura ya mamaye kudancin yankin, arewacinsa kuma ya koma damshi da gansakuka da gajerun sarƙaƙiya, ƙasar da in bazara ta yi sai samanta ya narke ya zama taɓo, sauro ya tashi kamar hayaƙi. Giwa babba takan ci abin da ya kai kilo 150 na ganye da ciyawa a yini guda, kuma babu dalilin da zai sa mamot ta ci ƙasa da haka. Gansakuka ba ta ƙosar da dabba mai tan 6, kuma ƙafar da aka yi domin taka ƙasa tauri ba ta jin daɗin fadama.

Akwai kuma wata masifa da ɗumamar yanayi ta ƙaro, wadda mutanenmu ba su cika jin labarinta ba saboda ba mu san dusar ƙanƙara ba. Dabbobin can suna samun abincin hunturu ne ta hanyar tone dusar da ƙafa ko da baki su kai ga busasshiyar ciyawar da ke ƙasa, kuma muddin dusar tana nan garin-garin, wannan ba wuya ba ne. Amma idan aka yi ruwan sama a kan dusar, sannan sanyi ya dawo, sai ta daskare ta zama kamar daɓen siminti, abinci yana ƙasa dabba tana kallo ba ta iya kai wa gare shi. Haka ta faru a yankin Yamal na arewacin Rasha cikin watan Nuwamban 2013, inda barewar ƙanƙara kimanin 61,000 na makiyayan ƙabilar Nenets suka mutu da yunwa a hunturu ɗaya. Mamot tana da haure da ƙarfin da za ta iya fasa abin da barewa ba ta iyawa, amma ita ma bukatarta ta ninka ta barewa sau da yawa. Ga shi yankin ƙuryar arewa yana ɗumama kusan ninki huɗu fiye da sauran duniya, har a watan Yunin 2020 aka auna digiri 38 na zafi a garin Verkhoyansk, garin da aka fi sani da tsananin sanyi.

Adalci ne in kawo miki hujjar waɗanda ba su yarda da wannan bayani gaba ɗayansa ba. Wani masani ɗan Rasha mai suna Sergey Zimov yana ganin an juya lissafin ne, wato ba ɓacewar ciyawa ce ta kashe dabbobin ba, kashe dabbobin da mafarauta suka yi ne ya sa ciyawar ta ɓace. A ganinsa manyan dabbobi su ne manoman wancan fili, suna tattake gansakuka, suna karya itatuwa kamar yadda kuka gani a Yankari, suna zuba taki, sai ciyawa ta samu sarari. Tun 1996 shi da ɗansa Nikita suke gwada wannan ra'ayi a wani killataccen fili kusa da garin Chersky a gaɓar kogin Kolyma, inda suka zuba dawakai da ɓaunaye da barewar ƙanƙara har da raƙuma masu tozo biyu, kuma da yake ba su da mamot, sun riƙa amfani da wata tsohuwar motar yaƙi mai sarƙa tana ture itatuwa a madadinta. Ciyawa ta dawo a wuraren da dabbobin suka fi yawa. Yana da wata hujja mai ƙarfi kuma, ita ce mamot ta taɓa tsallake wani zamanin ɗumi kimanin shekara 125,000 da suka wuce, yawanta ya ragu amma ba ta ƙare ba, kuma babban bambancin wancan karo da na ƙarshe shi ne a na ƙarshen akwai mutane masu farauta da mashi da suka bazu ko'ina. A Mezhyrich ta ƙasar Yukiren an tono bukkokin da aka gina da ƙasusuwan mamot kimanin shekara 15,000 da suka wuce, muƙamuƙi a kan muƙamuƙi kamar jerin tubali. Ra'ayina shi ne Zimov yana da rabin gaskiya. Zafi ne ya tsuke mata wuri, mutum kuma ya same ta a tsuke ya ƙarasa ta. Sai dai filin da ya killace bai wuce kimanin murabba'in kilomita 20 ba, kuma abin da ya yiwu a cikin shinge da taimakon harawar hunturu bai zama hujja a kan Siberiya baki ɗaya ba.

Batun faɗin ƙasa ma ba ƙarami ba ne. Hauren mamot yana girma ne hawa-hawa, kowace shekara da nata zobe, kuma sinadaran ƙasar da dabbar ta yi kiwo a kai suna shiga cikin kowane hawa. A 2021 Matthew Wooller na Jami'ar Alaska da abokan aikinsa sun tsaga hauren wani namiji da ya rayu kimanin shekara 17,000 da suka wuce, suka bi sawunsa tun daga haihuwa har mutuwa, suka ga a cikin shekara 28 da ya yi a duniya ya yi tafiyar da ta kusan isa a zagaye duniya sau biyu, kuma hawan ƙarshe na hauren ya nuna alamun yunwa ce ta kashe shi. Dabbar da ke irin wannan yawo za ta tarar yau da bututun iskar gas da layin dogo da ma'adinai a kan hanyarta. Idan kuma aka ce a tsare ta a tsibiri, tarihi ya riga ya gwada. Mamot ɗin tsibirin St. Paul na Alaska sun ƙare kimanin shekara 5,600 da suka wuce, kuma binciken laka na ƙasan tafkin tsibirin ya nuna ƙarancin ruwan sha ne ya ci su, domin teku ya yi ta cin tsibirin, tafkunan suka ragu, su kuma suka tattake bakin ragowar har ya cushe. Na Wrangel sun fi daɗewa. Binciken ƙwayoyin gadonsu da aka wallafa a 2024 ya nuna asalinsu bai wuce dabbobi 8 ba, suka hayayyafa zuwa 200 ko 300, suka riƙe haka kusan shekara 6,000 duk da auratayya ta kusa, sannan suka ɓace cikin ɗan lokaci. Garke ƙarami a wuri ɗaya, annoba ɗaya ko mummunan hunturu ɗaya ya ishe shi.

Yanzu bari in zo kan abin da ni a ganina ya fi kowanne nauyi, wanda kuma masu zumuɗin dawo da ita ba su cika tsayawa a kansa ba. A 2007 wani makiyayi ɗan ƙabilar Nenets ya tsinci gawar jaririyar mamot a bakin wani kogi a Yamal, wadda aka raɗa wa suna Lyuba. Ta mutu tana da kimanin wata ɗaya, shekara kusan 42,000 da suka wuce, amma fatarta da hancinta da gashin idonta suna nan kamar barci take yi. Da aka duba cikinta sai aka sami nonon uwarta, tare da kashin babbar mamot. Haka 'ya'yan giwa ke yi har gobe, suna cin kashin iyayensu domin su sami ƙananan halittun ciki da ke narkar da ciyawa, waɗanda ba a haihuwar kowa da su. Wannan kaɗan ne daga abin da ɗan giwa ke karɓa daga garke. Daga uwa da gwaggo da kaka yake koyon abin da ake ci da wanda ba a ci, da hanyar mashaya, da inda ake gudu idan shekara ta ɓaci. A farin da aka yi a dajin Tarangire na Tanzaniya a 1993, garkunan da ke da tsofaffin uwaye, waɗanda shekarunsu suka kai su tuna babban farin 1958 zuwa 1961, sun bar dajin sun nufi inda ruwa yake, kuma 'ya'yansu sun fi tsira a kan na garken da jagorarsa ƙarama ce. A dajin Pilanesberg na Afirka ta Kudu kuwa, marayun giwaye maza da aka kai can suka tashi babu manya a gabansu sun kashe karkanda fiye da 40 cikin shekarun 1990, kuma ɓarnar ba ta tsaya ba sai da aka kawo manyan toraye 6 daga dajin Kruger a 1998. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Mamot ta farko da za a haifa ba za ta tarar da babba ko ɗaya daga jinsinta ba, kuma uwar da za ta shayar da ita giwar ƙasa mai zafi ce da ba ta taɓa tone dusar ƙanƙara ba.

Saura mu mutane. Tun 1989 aka haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe, ƙasar Sin kuma ta rufe kasuwarta ta cikin gida a ƙarshen 2017, amma hauren mamot halal ne a dokar yawancin ƙasashe domin dabbar ta riga ta ƙare, kuma a Yakutiya akwai masu kafa injin ban ruwa suna fasa gaɓar koguna domin su zaƙulo shi su sayar, akasari zuwa Sin. Dabbar da ake wannan wahala a kan hauren gawarta, ki ƙiyasta abin da zai sami mai rai, mai haure da yakan kai mita 3 ko 4. Ba sai mun je nesa neman misali ba. A dajin Zakuma na ƙasar Chadi giwaye sun ragu daga sama da 4,000 a 2002 zuwa kimanin 450 a 2010 a hannun mafarautan haure, har waɗanda suka rage suka kusan daina haihuwa saboda firgici, kuma sai da aka tsaurara tsaro na shekaru kafin aka sake ganin 'yan jarirai a cikin garken. Ki gaya wa ɗalibarki cewa mamot za ta iya numfashi da ci da sha a duniyar yau, kuma za ta iya tsufa a cikin shinge a arewacin Siberiya ko Alaska, amma zaman daji irin na kakanninta yana bukatar fili da garke da tsaro waɗanda ko giwayen da kuka je nema ran nan ba su samu isassu ba.

TAMBAYA TA BIYU

Ni ɗalibi ne mai karatun likitancin dabbobi, ina rubuto muku daga Damagaram. Na ji an ce wani kamfani a Amurka zai haifar da mamot nan da 'yan shekaru. Shin kwafinta za su yi daga gawarwakin da ke cikin ƙanƙara, kamar yadda aka yi da tunkiyar nan?

AMSA

A'a, ɗana, hanyar da aka bi aka samar da tunkiya Dolly a Sikotlan a 1996 ba za ta yi aiki a nan ba. Waccan hanya tana bukatar ƙwayar halitta mai rai wadda kundin gadonta, wato bayanan halitta da ɗa ke gada daga iyaye, yake cikakke, ita kuwa gawar da ta yi shekara dubbai a daskararriyar ƙasa, ko da namanta ya yi ja kamar na jiya, kundin gadon da ke cikinta ya riga ya kakkarye ya zama gutsattsari. A 2019 masana a Japan sun ɗauki ƙwayoyi daga gawar wata mamot da ake kira Yuka suka saka cikin ƙwan ɓera, suka ga ɗan motsi, amma ko ɗaya bai rabu biyu ba, balle a yi zancen ɗan tayi. Abin da ake iya yi shi ne karanta gutsattsarin a jera su a kwamfuta, kuma an yi hakan.

Kamfanin da kake nufi shi ne Colossal, wanda Ben Lamm da George Church na Jami'ar Harvard suka kafa a 2021, kuma sun ambaci 2028 a matsayin shekarar da suke fatan samun ɗan farko. Shirinsu shi ne su ɗauki ƙwayar halittar giwar Asiya, wadda ita ce mafi kusancin dangin mamot da ke raye, domin kakanninsu sun rabu ne kimanin shekara miliyan 6 da suka wuce, su sauya wasu wurare a kundin gadonta da suka shafi gashi da kitse da jini da girman kunne. Bambance-bambancen da ke tsakanin dabbobin biyu sun haura miliyan ɗaya, waɗanda za a taɓa kuwa 'yan kaɗan ne daga ciki, saboda haka abin da za a samu giwar Asiya ce mai jure sanyi da aka yi wa kamannin mamot. A watan Maris na 2025 sun nuna wa duniya wasu ɓeraye masu dogon gashi ruwan zinariya da suka samar ta irin wannan gyara. Aiki ne na gwaninta, amma cikin ɓera kwana 20 ne, na giwa kuwa wata 22.

Tunda kai ɗalibin wannan fanni ne, ka lura da inda wahalar take. Ciro ƙwan haihuwa daga giwa aiki ne mai tsananin wuya saboda girman jikinta da zurfin inda mahaifarta take. Uwar da za a ɗora wa cikin kuma daga jinsin da ke cikin haɗari za ta fito, domin giwayen Asiya da suka rage a daji ba su wuce kimanin 50,000 ba, ga wata cutar ƙwayar bairos da ke kashe 'ya'yansu cikin kwanaki kaɗan, wadda babu dalilin da zai sa ta ƙyale sabon ɗan. An taɓa dawo da dabbar da ta ƙare sau ɗaya ta hanyar kwafi, wata akuyar dutse ta Sifaniya da ake kira bukardo, a 2003, kuma 'yar da aka haifa ta mutu cikin 'yan mintoci saboda nakasar huhu, duk da cewa ƙwayoyin da aka yi amfani da su an ɗebe su ne daga bukardo ta ƙarshe tun tana raye. Ko da komai ya tafi daidai, giwa ba ta fara haihuwa sai ta haura shekara 10, kuma takan yi shekara 4 ko 5 tsakanin haihuwa da haihuwa. Wanda ya ga ɗan farko da idonsa yana saurayi, da furfura zai ga abin da za a iya kira garke.

TAMBAYA TA UKU

Ranka ya daɗe, ni direban babbar mota ne mazaunin Kumasi. Muna gardama da abokaina a tasha. Wani ya ce mamot da mastodon abu ɗaya ne, wani kuma ya ce har yanzu akwai ragowarsu a ɓoye cikin dazuzzukan Rasha. Wane ne mai gaskiya?

AMSA

Alhaji, a wannan gardama dai babu wanda ya ci. Mamot da giwayen yau 'yan ɗaki ɗaya ne, asalinsu ma duka daga Afirka, mastodon kuwa dangi ne na nesa da reshensa ya rabu da nasu fiye da shekara miliyan 20 da suka wuce. Haƙori ne ke raba gardamar. Na mamot shimfiɗaɗɗe ne mai layi-layi kamar dutsen niƙa, domin niƙa ciyawa, na mastodon kuwa yana da tudu-tudu masu tsini domin tauna rassa da ganye, kuma daga siffar waɗannan tudun ne masanin Faransa Georges Cuvier ya ƙirƙiro sunan, wanda ma'anarsa haƙori mai kama da nono. Mastodon ta zauna ne a kurmi da fadamun Amurka ta Arewa, ta fi mamot gajarta amma ta fi ta kauri, kuma ta ƙare fiye da shekara 10,000 da suka wuce. A wani kogi a jihar Florida an sami tarin kashinta da laka ta adana, cike da guntayen rassan itace da 'ya'yan wani duman daji. Abin sha'awa shi ne ta fuskar abinci ita ce za ta fi mamot samun sauƙi a yau, tunda irin kurmin da take so yana nan a Kanada da arewacin Amurka, sai dai yankunan da aka fi tono ƙasusuwanta, irin su Michigan da Ohio da New York, yanzu gonakin masara ne da manyan tituna da birane.

Zancen ragowa a ɓoye kuwa, dabba mai tan 6 ba ta ɓuya. Kafin jinsi ya ɗore shekara dubbai sai da ɗaruruwan dabbobi, kowace tana barin sawu da kashi da karyayyun itatuwa, a ƙasar da makiyaya da mafarauta da jiragen sama da taurarin ɗan Adam suke ratsawa kullum, kuma duk ƙashin da aka auna shekarunsa ba a sami wanda ya gaza kimanin shekara 4,000 ba. Amma ka gaya wa abokin naka kada ya ji kunya, domin shugaban Amurka na uku, Thomas Jefferson, ya yi irin wannan zato. Bai yarda cewa wata halitta tana ƙarewa ƙurmus ba, kuma da ya tura Meriwether Lewis da William Clark su ratsa yammacin ƙasar a 1804, yana da fatan za su ci karo da mastodon tana kiwo. Sun kai har bakin tekun Pasifik, suka dawo a 1806 da labarin ɓaunaye da manyan namun dajin nan da ake kira beyar da tsirrai iri-iri, babu giwa ko ɗaya. A shekarar da ta biyo baya Jefferson ya sake tura Clark wani wuri mai gishiri a jihar Kentucky da ake kira Big Bone Lick, ya haƙo masa ƙasusuwa kusan 300, aka kai su fadar shugaban ƙasa aka baje a daɓen wani babban ɗaki da ba a gama gyara shi ba, inda yakan shiga ya duba su idan ya sami sarari daga aikin mulki.